Ranar da Takarda Ta Gyara Kanta Saboda Kaɗe

Shekara ashirin da biyu na yi ina leburanci a wurin renon itatuwa na gandun daji a Birnin Gwari, amma ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba a farkon damina, shekara uku kafin in ajiye aiki.

Matan ƙauyen Kazage ne suka shiga daji suka tsinto mana ƙwarar kaɗe buhu biyu. Kowa ya san ba mai komawa, 'yan bindiga sun tare hanyar. In irin nan ya mutu, to bana ba dashen kaɗanya.

Muna da jami'a, Malama Rifkatu, ita ke haɗa littafin da ake raba wa ƙauyuka, mai faɗin ranar shuka kowane iri. Ni ban yi boko ba, sai na ce ta karanta mini. Ta karanta cewa kaɗe a ajiye shi wata biyu, kamar kalwa.

Na ce, "'Yar nan, wa ya gaya miki? Kalwa tana jira, kaɗe ba ya jira. Ya wuce sati biyu, sai dai ki soya ki yi mai."

Oga, shugaban wurin, ya tsuke fuska. "Iya, gobe za a kai maɗaba'a. Shafi arba'in ne, kowane ƙauye da ranakunsa. Ke za ki sake bugawa?"

Na ce, "A ba ni injin mana."

Rifkatu ta yi dariya ta jawo mini kujera gaban kwamfutarta. Ashe ranakun nan ba da hannu ta rubuta su ba. A cikin takardar kanta ta dasa ƙa'ida guda: a ba ta sunan iri da ranar tsinto shi, ta fitar da ranar shuka. Duk sanda aka shirya littafin, ƙa'idar ce ke cike kowane gurbi. Rifkatu ta ce, "Iya, ƙa'idar nan ba ta da son kai. Abin da kika ba ta yau, ki ba ta gobe, amsa ɗaya ce. Kwana nawa zan sa?"

Na ce bakwai.

Layi ɗaya ta taɓa. Kafin Oga ya gama goge tabarau, shafi arba'in sun sake. Ya duba na Saminaka, ya duba na Magajin Gari, ya ce, "To, a fito da ledar shuka iri."

Washegari muka shuka. Kaɗe akwai nawa, sai da muka yi wata muna leƙe kafin ya nuna kai.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku ji. Ƙa'idar nan mai biyayya ce, ƙarya ma in an ba ta, sai ta kai wa kowane ƙauye ba ragi. Rifkatu ta san haka, shi ya sa da digirinta ta juyo ta tambayi lebura kwana nawa.