Yaya Rabi da Bidiyon da Ta Hana a Yanke

Shekara takwas ke nan da muka raka yayata Rabi makwancinta. Ban saba kawo al'amuran gidanmu cikin wannan fili ba, amma a 'yan watannin nan tana yawan faɗo mini a rai, kuma wayar hannu ce sanadi. Idan na taso daga aiki na zauna a ƙofar gidana nan Tarauni, ni ma kamar kowa sai in kama murza waya ina kallon abin da bayin Allah ke yi a faɗin duniya. Wani ya gina ɗaki mai bene da laka da gora, shi kaɗai a daji. Wata tsohuwa ta saƙa fuskar jikanta da zare har kana ganin wushiryarsa. Wani saurayi da aka haifa ba hannu yana gyara agogo da yatsun ƙafa. Kowanne na gani sai in tambayi kaina: da Yaya na raye, me za ta ce?

Ina da dalilin yin wannan tambaya. Yaya Rabi tela ce, kuma fiye da rabin shekarun da ta yi tana ɗinki, da hannu ɗaya ta yi su.

Ita ce babba a ɗakinmu. A Gyadi-Gyadi ta yi aure, a gidan Malam Isa direba, kuma a ɗan ɗakin da ke kusa da zaure ta kafa kekenta na ƙafa. Matan layin da na bayansa duk ita ke musu ɗinki. Ana cikin haka, wata rana ta je kasuwar Kwari sayen yadi, a hanyar dawowa motar da ta shiga ta kife. An ciro ta da ranta, amma hannunta na dama ya niƙe, likitoci suka cire shi daga ƙasan gwiwar hannu. Lokacin 'ya'yanta huɗu, ƙaramin yana goye.

Da ta samu sauƙi, dangi suka taru a tsakar gidanta don a san yadda za a yi. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo. Shawarar da aka tsayar ita ce a sayar da keken, a haɗa a saya mata firji ta riƙa sayar da zoɓo da ƙanƙara, sana'ar da ba ta buƙatar hannu biyu. Tana zaune a kan tabarma, dungun naɗe da bandeji, ta bari kowa ya gama. Sannan ta dubi mijinta ta ce, "Malam, hannu aka cire mini. Idona na nan, ƙafata na nan, kuma ban manta yadda ake yanka riga ba. A bar mini kekena."

Malam Isa mutum ne marar yawan magana. Ya ce, "To, a bar mata." Taron ya watse a haka, wasu na girgiza kai.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da babu bidiyon da ya ɗauka, kuma shi na fi son masu karatu su sani. Almakashi ne ya fara ƙin ta. Ni ban taɓa sanin cewa don hannun dama ake ƙera shi ba sai a lokacin; a hannun hagu tauna yadi yake yi, ba yanka ba. Ta yi ta fama da shi har babban yatsanta ya yi kanta, sannan ta jefar. Ta sa aka samo mata faffaɗan katako mai santsi, ta riƙa shimfiɗa yadi a kai, ta danne gefe da dutsen guga, ta danne ɗaya gefen da dungun, ta bi layin alli da sabuwar reza. Allurar hannu kuwa sai ta soke ta a jikin sabulu ta tsaya, ta kama zare da leɓe ta zura. Tsofaffin zannuwanta duk sun ƙare a gwaji, ta koma kan buhunan fulawa. Na sha zuwa in tarar da jini a bandejin saboda yawan dannawa. Sau ɗaya na same ta ta kifa kai a kan keken tana kuka, ga wata 'yar riga a ƙasa wuyanta ya karkace. Da ta ji motsina ta ɗago ta ce, "Salisu, miƙo mini waccan." Ta goge ido da gefen mayafi ta kama farke ta.

Masu kawo ɗinki kuwa sun janye, kuma ba na ganin laifinsu. Wa zai ba da atamfar sallarsa a yi gwaji da ita? Suna zuwa gaisuwa, su yi addu'a, su wuce da yadinsu wurin wani tela a bakin titi. Tana ganin ledar a hannunsu.

Wadda ta karya wannan shiru maƙwabciyarta ce, Maman Ngozi, 'yar kudu da ta daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinta. Bikin babbar 'yarta ya matso, ta shigo da leshin da za ta sa ranar ɗaurin aure a coci, leshi mai tsada da 'yan'uwanta suka aiko mata. Ta ajiye a kan keken. Yaya ta ce, "Maman Ngozi, wannan ba na gwaji ba ne. Idan na ɓata fa?"

Ta ce, "Idan kin ɓata, nawa kika ɓata. Ni dai tun da na zo layin nan ba wanda ya san faɗin kafaɗata sai ke, Maman Zainab. Auna ni kawai."

Yaya ta gaya mini daga baya cewa ta kwana biyu tana shimfiɗa leshin tana naɗewa kafin ta iya ɗora reza a kai. Ranar bikin, Maman Ngozi ta shirya tsaf, ta ƙi shiga mota, sai da ta taka daga farkon layin zuwa ƙarshensa tana gaisawa da matan kowane gida, tana juyawa don a ga bayan rigar. Kafin sallah ta zagayo, ɗakin Yaya ya cika da leda.

Shekaru suka tafi. Wayoyi masu ɗaukar hoto suka shigo hannun mutane, kuma ba sau ɗaya ba wani ya nemi ya ɗauke ta tana aiki. Ƙi take yi. Takan ce ba ɗinkin za su kalla ba, dungun za su kalla, su ce wayyo, su wuce. A ganinta mai tausaya maka daga nesa ya riga ya gama yanke hukunci a kanka.

Babbar 'yarta Zainab ce ta sauya mata ra'ayi. Zainab ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma aka kwantar da wata budurwa a ɗakin da take aiki, Fa'iza daga Unguwar Gano, wadda injin markaɗe ya cinye wa hannun dama. Ciwon yana warkewa, amma yarinyar ta juya fuska bango, ba ta ci, ba ta magana. Mahaifiyarta ta ce dā can tana koyon ɗinki. Zainab ta ba ta labarin Yaya, Fa'iza ta ce lallashi ne kawai irin na ma'aikatan asibiti. Zainab ta zo gida ta ce, "Umma, ba don duniya ba ne. Mutum ɗaya nake so ta gani."

Ina wurin aka ɗauka, bayan la'asar, a ɗakin ɗinkin. Yaya ta kafa sharaɗi cewa tun daga shimfiɗa yadi za a fara, kuma ba za a sa wani sauti mai sa kuka ba. Ta yanka rigar yarinya, ta zo zura zare, zaren ya ƙi shiga. Ta sake, ya sake ƙi. Zainab ta ce ba komai, za ta cire wurin daga baya. Yaya ta ɗago ta harari wayar ta ce, "Kar ki yanke. Ki bar mata ta ga haka ake yi." A karo na gaba ya shiga. Ta hau keke, ƙafa na takawa, hagu na jan yadi, dungu na daidaita shi, har rigar ta fito. Ta ɗaga ta ga wayar ta ce, "'Yata, idan an sallame ki, ki ce a kawo ki Gyadi-Gyadi. Akwai kujera."

Zainab ta ce Fa'iza ta kalla, ta nemi a mayar mata farko. Da yamma ta karɓi kunu. Bayan sallama mahaifiyarta ta kawo ta a adaidaita sahu, kuma ta yi shekaru a ɗakin nan tana koyo.

Bidiyon bai tsaya inda aka nufa ba. Daga wayar wata ma'aikaciya ya faɗa ta wata, ya zaga gari, har wani abokin aikina ya nuna mini shi a ofis yana cewa in zo in ga ikon Allah, bai san yayata ba ce. Baƙi suka fara sallama a ƙofar gidan. Wasu koyo ya kawo su, wasu kallo. Wani Alhaji ya zo da sadaka a ambulan. Ta yi masa godiya ta ce ya kai wa mabuƙata, ita kuwa in yana son taimaka mata ya aiko da yadin Hajiya. Ya aiko, kuma iyalinsa ba su sake canza tela ba har ta rasu.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Hawan jini ne ya kayar da ita, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Ta bar ɗinkin mutane a rataye, wasu an yanka ba a haɗa ba. Fa'iza ce ta zauna a kan keken bayan an share makoki ta kammala su, ta kai wa kowa nasa har gida.

To, yau da bidiyo ya zama ruwan dare, me za ta ce? Na san ta, zan iya kintata. Da ta ji daɗi ƙwarai, don ita mai son ganin aiki ce. Da ta sa an riƙe mata waya tana cewa a tsayar, a koma baya, ta ga yadda mai agogon nan ke kama ƙaramin sukurudireba. Da ta yi alfahari da samarin unguwanninmu da nake gani suna haɗa injin ban ruwa daga tsofaffin ƙarafa, da 'yan matan da ke zana lalle kamar da alƙalami. Masu cewa yaran yanzu ba abin da suka iya sai danna waya, da ta ce musu su duba abin da wasu yaran ke nunawa a cikin wayar tukuna.

Amma da ta yi faɗa, wannan ma ba na shakka. Da ta yi faɗa da masu ɗauko naƙasasshe su ajiye shi gaban waya, su sa sauti mai taushi don a zubar da hawaye a yi ta turawa, ba a ko tambayi sunan sana'arsa ba. Da ta yi tsaki a kan bidiyon da ake nuna fili fetal, a ƙifta ido a ga gini ya tsaya, kamar ba wanda ya yi gumi. Tsoron da nake ji game da irin waɗannan shi ne yaro ya kalla, ya gwada sau ɗaya, abin ya ƙi, ya ɗauka shi ne Allah bai ba baiwa ba. Ga kuma sabon salo, wanda na'ura ke ƙirƙira, mutum da gwanintarsa duk na ƙarya. Wannan ban san ma da wace kalma za ta kira shi ba.

Duk da haka ba na cikin masu baƙin ciki da wannan zamani. Na ga abin da 'yan mintoci na hoto mai hazo suka yi wa yarinyar da ta fid da rai da kanta. Idan ɗaya ya yi haka, ban ga dalilin da zai sa in raina dubban da ke yawo yanzu ba. A cikin tarin shirme akwai na gaske, kuma akwai wani a wani ɗaki da yake jiran ya ga cewa an taɓa yin abin da aka ce masa ba ya yiwuwa.

Fa'iza yanzu matar aure ce, tana da shago a Daurawa da masu koyo a ƙarƙashinta, masu hannu biyu da masu ɗaya. Tana ɗaukar darussan ɗinki tana sawa a kafafen sada zumunta. Da na biya ta shagon a makon jiya ta ce, "Kawu, zo ka ga wani abu." Wata mata ce daga wani ƙauye a Nijar, wadda ta rasa hannu bayan saran maciji, ta turo bidiyon rigar farko da ta ɗinka daga kallon darussan. Tana riƙe da ita tana dariya tana tambaya, "Malama, ta yi?"

Na ɗauka Fa'iza za ta yi ta zuba mata yabo. Ta danna wayar ta yi mata barka, ta sa mata albarka, sannan ta ce, "Amma hannun rigar na hagu ya fi na dama tsawo. Ki gyara ki sake turo mini." Na ce ashe ba za ta ɗaga mata ƙafa ba, rigar farko ce fa. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Kawu, ai tela ce."

Na fito daga shagon ina tunanin abin da Yaya ta bari. Gidan na magada ne, tufafin da ta ɗinka sun tsufa, 'ya'yan da ta yi rainonsu sun zama iyaye. Waccan baiwar Allah ta Nijar ba ta taɓa jin sunanta ba, mai yiwuwa kuma ba za ta ji ba. Amma an dube ta a matsayin mai sana'a, an nemi aikinta ya yi kyau kamar na kowa, kuma na san daga ɗakin da wannan ya fito. Ya Allah, Ka yalwata wa Rabi kabarinta, Ka karɓi aikin hannun da Ka bar mata, Ka haɗa ta da ɗaya hannun da ya riga ta tafiya.