Labo da Geron Ɗakin Tarihi

Labo ƙanin mijina ne, marigayi Mas'ud, Allah Ya jiƙan su duka biyun. Tun ina amarya yake ce mini matar yaya, ni kuma ina ce masa sarkin tsintsiya, don shara ce aikinsa fiye da shekara ashirin.

A garinmu, kan hanyar Cadakori in ka baro Gidan Rumji, akwai wani ɗaki mai rufin kwano da aka gina zamanin Samariya, ƙungiyar samarin da gwamnati ta kafa lokacin mulkin soja. An bi ƙauyuka an tattaro tsofaffin kaya an zuba a ciki: masaƙa, zugazugin maƙeri, sirdi, tandu, ƙoren da aka yi wa zane. Ɗakin tarihi muke ce masa. Labo aka ba mabuɗi saboda ba ya magana da yawa kuma ba a taɓa jin hannunsa ya taɓa abin wani ba. Bai yi lakol ba, wato makarantar boko. Amma ka nuna kowane abu a ɗakin, zai gaya maka gidan da ya fito.

Cikin kayan akwai zangarniyar gero guda bakwai, rataye a jikin azara. Wani iri ne gajere mai saurin nuna, ana ce masa ɗan Tsoho, don kakan wani Tsoho ne ya zo da shi daga wajen Katsina. A shekarar yunwa mutane suka cinye irinsu, da ruwa ya dawo aka raba musu wani sabo, sai ɗan Tsoho ya ɓace daga gonaki. Abin da ya rage shi ne bakwai ɗin nan.

Ba wanda ya sa Labo, amma kowace damina yakan sauke su, ya murje, ya shuka a ɗan filin bayan ɗakin. In kaka ta yi ya zaɓi bakwai masu kyau ya mayar jikin azara, sauran a yi kunu a kai masallaci. Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa kaiwa gida ba. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Matar yaya, kayan gwamnati ne. In na ɗauki tsaba yau, gobe sirdi zan ɗauka."

"Kai da ko jaki ba ka da shi, sirdin a kan wa za ka ɗaura?"

"A kanki mana," in ji shi, "ai ke ce gadona."

Bayan babban taron ƙasa aka rushe Samariya, jam'iyyu suka fito, kowa da tutarsa. Ɗakin ya zama ba mai shi. Sai aka kafa kwamitin mutanen gari, aka ɗauko daga kowane ɓangare. Mushe Faruku, malamin lakol, shi ne shugaba; Mushe muke ce wa malaman boko, da bakin Faransanci. Mataimakinsa Magaji ɗan kasuwar hatsi ne, daga ɗaya jam'iyyar. Ban ɗauke su miyagun mutane ba. Mushe Faruku ya ji labarin inda aka kwashe irin waɗannan kaya aka sayar wa baƙi, shi ya sa ya ɗauki alƙalami ya bi kome ɗaya bayan ɗaya yana sa lamba.

Da ya zo kan geron sai ya tsaya. Tsohuwar takarda ta ce an kawo shi shekara bakwai da suka wuce, ga shi kuma fes kamar an yanko jiya. Ya tambaya, Labo ya faɗi gaskiya.

Aka kira taro a gindin darbejiyar ƙofar ɗakin. Gidana na kallon wurin, ina tsince wake a zaure, duk ina ji.

"Baba Labo," in ji Mushe Faruku, "ke nan wanda aka ba ka ajiya babu shi?"

"Ga jikansa nan rataye, Mushe."

Mutane suka yi dariya. Magaji bai yi ba. "Yau gero ne," ya ce. "Wa ya san takobin nan ma ba jikan takobi ba ne?"

Labo ya sunkuyar da kai. Na san maganar ta shige shi, don sai da ya kwana uku bai leƙo gidana ba.

Suka yanke cewa ba abin da zai ƙara fita daga ɗakin sai kwamiti ya yarda. Kuma tun da ɓangarorin biyu ba su amince da juna ba, aka sa kwaɗo biyu a ƙofar, mabuɗi ɗaya wajen Mushe Faruku, ɗaya wajen Magaji. Labo aka bar shi da sharar waje.

Damina ta faɗi ana tsakiyar kamfen. Ran da Mushe Faruku ke gari, Magaji ya tafi Maraɗi. Ran da Magaji ya dawo, ya ce ba zai tsaya ƙofa ɗaya da mutumin da ya zagi jam'iyyarsa ba. Labo ya yi ta zirga-zirga tsakaninsu da sungumi a kafaɗa har gero ya kai gwiwa a gonakin mutane. Filin bayan ɗakin ya cika da ciyawa.

"Iri ba ya jira," ya ce mini wata rana bayan la'asar. "Kwanon nan tanda ne da bazara. Shekara ɗaya zai jure. Ta biyu sai yadda Allah Ya yi."

Ƙanena Usmanu yana nan, ya ce, "Tagar baya ai ƙusa biyu ce ke riƙe da ita."

"To in na shiga ta taga, mi ya raba ni da abin da Magaji ya ce?"

Bai shiga ba. Kullum ya share ƙofar, ya leƙa ta kafar ƙyaure, ya tafi.

Da zaɓe ya wuce, gari ya ɗan huce. Ana gab da damina ta biyu aka yi sunan jikar Magaji, Mushe Faruku ya zo addu'a. Ana shafa fatiha Labo ya miƙe gaban dattawa, shi da ba a san shi da magana a taro ba.

"Ku gafarce ni. Ga mabuɗi ɗaya can, ga ɗaya nan, yau Allah Ya haɗa su kan tabarma guda. Ban ce ku ba ni ba. Ku buɗe da hannunku, ku tsaya ku gani, ni dai in zuba a ƙasa. In gero ya mutu a rataye, lambar nan da kuka sa a kan mi za ta zauna?"

Liman ya dubi mutanen biyu. Kunya ta yi abin da kwamiti ya kasa. Suka yarda da uku daga cikin bakwai, huɗu su zauna don takarda ta zama daidai.

Washegarin ruwan shuka suka zo su biyu. Da aka sauke zangarniyoyin, gari ne ke zuba daga wasu, ƙwari sun yi aikinsu. Labo ya murje abin da ya samu, ya yi rami arba'in. Mushe Faruku ne ya bi bayansa yana rufewa da ƙafa, da takalminsa na zuwa lakol.

Rami tara ne suka tsiro. Ya kewaye su da ƙaya. Da suka fara ƙosawa, tun da sun riga na kowa, duk tsuntsayen gari nan suka nufo. Ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya wuni yana ja, sallarsa ma a wurin yake yi. Na kan aika masa da fura.

Ya yanke zangarniya ashirin da shida. Ya kai wa kwamiti, ya ce yana da magana. Ya ce laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Shekara bakwai yana tsaron abin nan a ɗaki guda, yana ganin amana ce, ashe da gobara ta tashi ko gara ta hau, da shi ke nan. Ya roƙa a rubuta cewa kowace kaka zangarniya bakwai su koma azara, sauran a ba duk manomin da zai shuka, a sa sunansa a takarda.

Magaji ya ce irin ba shi da auki, ba mai karɓa. Kusan gaskiyarsa. Mutum huɗu kaɗai suka zo, ɗayansu ma baƙo ne daga Gangara da ya zo cin kasuwa. Labo ya zuba wa kowa a leda, yana ta maimaita musu cewa su shuka shi nesa da sauran gero kada ya gauraya.

Ba a mayar masa da mabuɗi ba har ya rasu, kuma bai nema ba. Biyu daga cikin mutum huɗun da suka karɓi irin sun bar shukawa bayan shekara ɗaya. Sauran biyun suna nan suna yi, kuma bara da ruwa ya ɗauke da wuri, na ji maƙwabta sun je wajensu neman iri.