Murhun gas na Malam Iro da bakina

Yau da safe ina cikin buɗe shago ƙanen Malam Iro maƙeri ya tsallako titi ya ce mani Malam ya cika bayan asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Makulli na hannuna na zauna a ƙasa.

Mun kai shi makwancinsa, yanzu na dawo. Ku yi haƙuri da rubutun.

Ni tela ne a Ƙofar Marusa, shagona na kallon maƙerarsa. Kakana Buzu ne, kun kuma san Buzu da maƙeri, wasa ne har abada. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Buzu, an tashi lahiya? Ina raƙumin?" Ni kuma in ce masa sarkin baƙin hannu.

Almakashina shi ke wasa mani, ko na miƙa wani abu sai ya harare ni. Ranar da fedar kekena ta karye ana saura kwana biyu Sallah, ajiye aikinsa ya yi ya ƙera mani wata.

Wata rana sai ga shi da tsohuwar tukunyar gas. Ya yanke ta, ya shafe cikin da yumɓu da tubali mai jure wuta, ya sa bututun ƙarfe a gefe, ya jawo tiyo da regileta mai daidaita ƙarfin gas har bayan katanga inda ya ajiye tukunyar da ke da gas. Makonni ya yi yana kallon bidiyo a waya yana gyarawa.

Da ya kunna, wuta shuɗiya ta tashi tana gurnani. Ba zuga-zugi, ba gawayi, ba hayaƙi. Kafin ka gama gaisawa da mutum lauje ya yi ja. Ya riƙe awartaki yana dariya, wallahi ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Kullum da safe sai ya shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo ya duba ko zai yi kumfa. Da idona nake gani.

Amma ni da bakina! Sai na fara ce masa mai bam. A majalisa, a ƙofar masallaci, ko'ina. "Jama'a ku rubuta wasiyya, Iro ya haɗa mana bam a unguwa." A yi ta dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Maganar ta shiga gidaje, a can kuma ba a matsayin wasa ta isa ba. Mata suka tsorata, wasu dattawa suka je wurin mai unguwa. Aka ce ya dakata da shi tukuna. Bai yi musu ba, ya rufe murhun da buhu ya koma kan gawayi.

Ko sau ɗaya bai canza mani fuska ba.

Alhamis ɗin da ta wuce ya shigo shagona yana tari, ya zauna kan benci sai da numfashinsa ya dawo. Ya ce, "Buzu, yau ba wasa na zo ba. Raka ni wurin mai unguwa. Kai ka fara maganar nan, in ka ce masu wasa kake za su ji."

Kun san abin da na ce? Na ce, "Sai ka bari in kwashe iyalina daga unguwar tukuna, kafin bam ya tashi." Na bushe da dariya. Na ce ɗinki ya yi mani yawa, mu bari sai wani satin.

Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Sai yau a maƙabarta ƙanensa ke gaya mani. Likita ne ya ce ƙirjinsa ba zai ƙara ɗaukar hayaƙin gawayi ba, ko ya bar hayaƙi ko ya bar ƙira. Dalilin murhun ke nan. Ya hana a faɗa wa kowa, wai kada a riƙa yi masa kallon mara lafiya a daina kawo aiki.

Na san kwana ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko rage masa. Amma raina ya ƙi kwanciya. Tun da aka rufe murhun, fiye da shekara yana shaƙar hayaƙin nan a gabana, ina jin tarinsa daga kan kekena.

Tafiyar minti biyar ya roƙe ni.

Mutanen Ƙofar Marusa, abin da ya so in faɗa gaban mai unguwa ga shi nan, ku kai masa: wasa nake. Ban taɓa jin warin gas a maƙerar Malam Iro ba, ban taɓa ganin ganganci a aikinsa ba. Ban san komai a kan gas ba. Dariyar mutane kawai nake so.

Ya Allah ka jiƙan Malam Iro, ka gafarta masa, ka sanyaya kabarinsa, ka sa ciwon nan ya zama kaffara. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ka sa shi a addu'a. In ka gama, ka roƙa mani Allah ya sa ya yafe mani kafin ya tafi, don ni ban tambaye shi ba.