Malama Bernice, Mai Ba da Aro Bibbiyu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, Malama Bernice ta riga ta buɗe tagogin ɗakin karatun nan na bayan kasuwar Kafanchan, ta karkaɗe kantoci, ta zauna da tabarau a kan hanci. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka. A Disamban nan na 1996 za ta ajiye aiki.

Duk wanda ya taɓa aro a wurinta ya san halinta. Ka ɗauko littafin soyayya, ba za ta hana ka ba, amma sai ta ɗora maka wani a kai, na noma ko na kiwon lafiya ko na tarihi. Ranar mayarwa kuwa sai ka faɗa mata abu ɗaya da ka koya. An sha cewa ta cika naci, ita ko a jikinta.

A tambayi Meshak. A 1988 ya dawo daga Kaduna ba aiki, ya kama gonar cittar marigayi babansa kusa da Zonkwa. Shekara biyu a jere cittar tana ruɓewa a ƙasa. Baffanninsa suka ce hannun ɗan boko ba na noma ba ne, in ta sake ruɓewa za su karɓe gonar su ba wani. Ya shigo neman littafin labari don ya rage baƙin ciki. Malama ta bi shi da tambaya har ya amayar da damuwarsa, sannan ta ɗora masa wani ɗan siririn littafi kan noman citta. Ya karɓa yana ɓata rai.

A ciki ya gano kuskurensa. Saboda girmama babansa, a kwarin da tsohon ya yi shukarsa ta ƙarshe yake ta maimaitawa, alhali ruwa na kwanciya a wurin, ƙasar kuma ta gaji da citta. Ya koma tudu, ya tsince iri mai lafiya, ya rufe shukar da ganye. Baffanni suna ta dariya.

Bayan an haƙe citta ya zo da kwando cike, da littafin duk jar ƙasa, bangon ya yage.

"Mama, ki yi haƙuri, na ɓata littafi. Da shi nake zuwa gona."

Ta jujjuya shi, ta ce, "Sai yanzu ya yi amfani. To, me ka koya?"

"Gonar babana tana hannuna, Mama."

Ke ce mai nacin da ya yi rana, Malama. Ke ce kika nuna mana cewa littafi kayan aiki ne kamar fartanya. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Malamai da iyaye kuma, ku kwaikwaye ta, ku riƙa ɗora wa mutane littafi na biyu. Wancan mai jar ƙasar yana nan a kantar gaba, ta hana kowa ya goge shi.