Koren Takalmin Nana Fatima

Basira ba ta iya zama ba. Shekararta tara tana aikin lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Danchadi, amma babu mai rantsuwa cewa ya taɓa ganin ta a kujera. A tsaye take awon ciki, a tsaye take cin ƙosanta, har tsofaffi na yi mata tsiya wai ko kujerar cizo take yi. 'Yar garin Shagari ce, cikin lambun albasar babanta ta tashi, kuma tun can haka take.

Da aka kawo kayan gwajin ƙanjamau, shugaban asibitin, Malam Kamal, ya ware musu ɗakin ƙarshe, wai don sirri. Sirri kuwa! A garin nan ba a shiga ɗaki da takalmi, kuma kowa ya san takalmin kowa. Ka tuɓe silifa a ƙofar nan, kafin la'asar labarinka ya isa fadama. Wata uku cur mutum huɗu suka shiga, biyu ma baƙi ne.

Wadda ta hana Basira sakat ita ce Nana Fatima. Mijinta Mode, direban motar albasa, an gwada shi a Sakkwato an samu yana da cutar. Bai ɓoye mata ba, Allah ya saka masa, tare ma suka gaya wa Basira. Ga ta da ciki wata shida. In ita ma tana da cutar kuma ba ta fara magani ba, jaririn na iya ɗauka. Duk Talata takan zo awo, ta saci kallon ɗakin ƙarshe, ta koma gida.

"Malama, ban iyawa," ta ce da Basira ƙasa-ƙasa. "Takalmin ga kore, ni kaɗai ka da shi garin ga. Ga uwar mijina zaune bisa benci."

"To in biyo ki gida."

"Da akwatin gwajinki? Rufa min asiri!"

Talata uku suka wuce a haka, ciki na girma. Basira ta rasa inda za ta sa kanta, haushi da tsoro suka cika ta. Sai ta tasa Malam Kamal gaba. Ta bi shi ɗakin magani, ta bi shi gindin dogonyaro, ta tsaya masa a kai yana alwala.

"Ranka ya daɗe, gwajin maleriya ɗaki muka ware mishi? Huda yatsa ce fa, ita ma wannan huda yatsa ce!"

"Basira, ki bar ni in yi salla."

"Ina nan har ka sallame."

Tana nan ɗin kuwa. Da ya sallame ya ce ta je ta yi, Allah ya ba da sa'a.

Ran Litinin ta kinkimo kwalin kayan gwajin ta dire a ɗakin da ake duba kowa. Mai zazzaɓi, mai hawan jini, mai ciki, duk wanda ya shigo sai ta tura ƙofa ta ce, "Akwai gwajin ƙanjamau, kowa nake wa tayi. In ba ka so, ba dole." Wani dattijo ya wanke ta tas ya fice. Ta shanye. Mafi yawa dai miƙo yatsa suka yi.

Ran Talata takalma suka taru a ƙofa ɗaya, sun fi ashirin, koren na tsakiyarsu. Basira ta huda yatsan Nana Fatima, ta shiga kai da kawowa tsakanin taga da tebur har sakamako ya fito. Akwai cutar. Ta sake da wani gwajin, haka dai.

Nana Fatima ba ta yi kuka ba. Cikinta ta dafa.

"Shi fa, Malama?"

"Don shi nake ta bin ki. Yau za ki fara sha, kullum, ba fashi. Da yardar Allah lafiya lau zai zo."

Ta zuba mata maganin a leda ɗaya da na ƙarin jini. Nana Fatima ta fita, ta tona tarin takalma ta zaro nata. Uwar mijin na can tana cinikin gyaɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Basira ta tsaya tana kallonsu har suka fita daga harabar. Ta jawo kujerar nan ta zauna.