Maganin da Inna Take Jira

Abin da na fara lura da shi da na sauka Kebbe shi ne da hannun hagu Inna ta turo mini kwanon ruwa. Matar da ko tsintsiya ba ta yarda a miƙa mata da hagu. Hannunta na dama yana cikin mayafi, ta ɗora shi a cinya kamar ajiyar wani.

Ba ta dube ni ba, amma wannan ba sabon abu ba ne. Ni ce 'yar farinta. Tun da aka yaye ni nake hannun kakata a Tambuwal, can nake makaranta, sai dogon hutu nake zuwa. Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana so in ɗebo ruwa sai ta dubi bango ta ce, "Randa ta ƙafe." Ni kuma in tashi.

Ɗakin ya cika da turaren wuta har yana hawa kai. Sai da na jima a zaune na gane akwai wani wari a ƙarƙashinsa.

Anti, ƙanwar Inna, ta riga ni zuwa. Tana karatun digiri na biyu a Sakkwato. Ita ta gaya mini, muna wanke-wanke a gindin rijiya: ciwon daji ne a maman dama. Likitocin Sakkwato sun ce a cire, kuma kada a yi jinkiri. Inna ta ce a bar ta ta koma gida ta yi shawara. Lokacin ana shuka ne. Yanzu gero ya kai ƙirji, ba ta gama shawarar ba.

Kullum da hantsi Anti takan ɗauki kwamfutarta ta zauna a bakin zaure, don nan kaɗai sabis yake kamawa. Ni sai in zauna a bayanta ina tsince shinkafa, ina leƙe. Layuka ne jere da sunaye masu haruffa da lambobi, ga ƙananan akwatuna ja da shuɗi. Wata rana ba tare da ta waiwayo ba ta ce, "Matso mana, wuyanki zai ƙage."

Ta ce jikin mutum ƙananan halittu ne suka haɗu, waɗanda muke kira sel a aji, kuma a cikin kowanne akwai ƙwayoyin gado da ke tafiyar da shi. Masu bincike a ƙasashe daban-daban suna renon sel na ciwon daji a cikin ƙananan faranti, suna kashe ƙwayoyin gadon ɗaya bayan ɗaya, su ga wacce ce in babu ita sel ɗin zai mutu. Abin da suka samu sai su zuba a rumbun bayanai na intanet, kowa ya duba.

Ta nuna mini rumfar tsakar gida. "Kin ga dirkokin can? In kin zare ta gefe, rumfa tana nan. In kin zare ta tsakiya, ta faɗi. Ni dirkar da ke riƙe da ciwon nake nema, wadda ba ita ke riƙe da mai ciwon ba. Yawanci ciwon da mai ciwon dirka ɗaya suka jingina da ita, in kin zare, duka biyun ne za su faɗi."

"In kin samu fa?"

"Sai wasu su nemo abin da zai zare ta. A gwada a faranti, a gwada a ɓeraye, sannan a mutane. Shekaru ne. Sau da yawa ma ba a kaiwa."

Na tambaye ta ko sel ɗin ciwon Inna yana cikin rumbun. Ta ce babu. Ta ci gaba da danne-dannenta, amma na ga ba ta karanta komai.

Matsalar daga Baba ta faro, kuma ba da mugun nufi ba. Ranar da Anti ta iso ya tambaye ta abin da take karantawa, ta ce suna neman hanyar kashe ciwon daji daga cikinsa. Ya shiga ɗaki da murna ya ce wa Inna, "Ashe ƙanwarki maganin abin ga taka nema, ba wuƙa ba komi." Daga ranar Inna ta samu abin jira.

Ita ta goyi Anti bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta tsaya aka bar ta ta yi boko. A wurinta, ta bar baƙi su yanka ta alhali yarinyar da ta goya tana kan nema mata magani, tamkar ta gaya wa gari ne ba ta yarda da 'yar'uwarta ba.

Ina bakin ƙofa ranar da Anti ta durƙusa a gabanta.

"Yaya, wallahi ba magani ba ne. Karatu ne kawai. Ko na gama, ba abin da zan ba ki ki sha."

Inna ta yi murmushi, ta dubi maƙwabciyarmu da ta shigo dubiya. "Kin ji ta ko? Haka take tun tana ƙarama. Ta zo ta ɗaya a aji, ta ce mini ba ta yi ƙoƙari ba."

"Ɗiyar kirki ke nan," in ji maƙwabciyar. "Wa ka yabon kai nai?"

"Yaya, ki saurare ni, don Allah."

"Na ji. Tashi ki koma ga aikinki, kada in ɓata miki lokaci."

Duk yadda Anti ta musa, kawaici ake ɗauka tana yi. In ta rantse, a ce tarbiyya. Da ta yi kuka, aka ce tausayi ne da gajiyar karatu. Mata suka riƙa tsayawa a zaure suna kallon akwatunan ja da shuɗi. Wata tsohuwa ta tambaya ko jan ne ciwon, ta tofa masa addu'a. Inna ta hana yara wasa kusa da zauren. Ko ba ta iya cin abinci ba, sai ta tambaya ko an kai wa Anti fura.

Baba ya gane kuskurensa. Ya yi magana da mai motar da zai kai Inna Sakkwato, ranar kasuwa motar ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta ce ai saura kaɗan yarinyar ta gama. Baba ya daɗe tsaye a tsakar gida da hularsa a hannu, sannan ya fita ya sallami direban.

Bayan haka ne Anti ta kira ni in riƙe mata kwanon ruwan ɗumi. Inna ta juya fuska bango don kada mu haɗa ido. Anti ta ɗaga tsumman da ke kan ciwon a hankali, ya manne, sai da ta jiƙa shi. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Na dai lura hannun daman ya kumbura har awarwaron ya nutse, kuma Inna ta cije gefen mayafinta, ba ta yi ko tari ba. Ƙuda ɗaya ya dinga dawowa, ina korarsa da gwiwar hannu.

Da muka gama, Inna ta ce wa bango, "A zubar can bayan gida, kada yara su gani."

Na zubar. Na so in koma in ce mata, Inna, na karanta abin da ke cikin kwamfutar da idona, babu magani, ki tafi. Na kai bakin ƙofa. Ban taɓa fara yi mata magana ba a rayuwata, kuma ko na yi, na san bango za ta amsa wa.

Na sami Anti a zaure. Kwamfutar tana buɗe, ita kuma tana kallon awaki. Na zauna kusa da ita, ba a bayanta ba.

"Anti, faɗin gaskiya bai yi aiki ba."

"Na sani."

"To ki ce mata kin samu."

Ta juyo ta dube ni.

"Ki ce kin samo maganin, amma ba ya ci sai an cire ciwon tukuna, kuma a Sakkwato ake bayarwa. Ke kaɗai za ta bi." Na ƙara da cewa, "In zunubi ne, a rubuta mini. Don Allah, Anti, ki shiga ki gaya mata yau."