Ranar da Agoguna Suka Je Majalisa

A kamfanin sabulun da take aikin naɗe kaya, Ba-Shiru kowa ke kiran ta. Suna linzami ne, domin ko manaja ya hango ta sai ya sake hanya.

Kamfanin yana da wata al'ada. Duk wanda aka sallama, don tsufa ko don rage ma'aikata, sai a taru a yi masa tafi, a ba shi agogon bango, shi ke nan. Haka yayanta, mai kula da injin tafasa, ya dawo gida da nasa a hammata, ga iyali, ga ciwon suga. Bai ko buɗe kwalin ba, ya tura shi ƙarƙashin gado. Ba-Shiru ta yi kuka, ta yi fushi, fushin ne kuma ya fi daɗewa.

Ta shiga ƙungiyar ƙwadago da buƙata guda: a kafa asusun da ma'aikaci da kamfani za su riƙa zubawa, wanda ya rasa aiki ko ya tsufa ya samu na cefane da magani. Takalmanta suka cinye a ofisoshi. Ko'ina amsar ɗaya ce, wai ana dubawa. Yayan kuwa yana ta ramewa.

Da kwamitin majalisa ya kira zaman jin ra'ayi, shugabannin ƙungiya suka shirya dogon jawabi. Ita ta bi gidajen waɗanda aka sallama, ta tattaro agogunansu, ta sa musu batir, ta jere su a teburin 'yan majalisa. Ƙas-ƙas-ƙas ya cika zauren, har mai jawabi ya rasa inda ya tsaya. Shugaban kwamitin ya tambaye ta ko shago za ta buɗe, aka yi dariya.

"Ranka ya daɗe, fanshonmu ne muka kawo ku gani," in ji ta. "Wanda ba shi da wurin zuwa da safe, me zai yi da sanin lokaci?"

Dariyar ta mutu nan take. Dokar kafa asusun ba ta fito a ranar ba, an sha ja-in-ja har wata damina, amma ta fito, ta kuma haɗa da waɗanda aka riga aka sallama.

Watan da yayan ya karɓi kasonsa na farko, Ba-Shiru ta same shi tsaye a kan kujera da guduma, yana kafa ƙusa, ledar magani a aljihu.

"Miƙo mini agogon nan, ƙanwata," ya ce. "Yanzu zan iya kallon sa."